Tsutsa ba ta ji feshin ba, ƙanena ne ya ji

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi shi har ƙarshe, don maganar abin da ke shiga cikinku ce.

Duk wanda ya saba hanyar Maraɗi zuwa Damagaram ya san Takieta, mararrabar nan da hanya ke ɓallewa ta yi kudu zuwa Matamaye, ta wuce har Kano. A wani ƙauye da ke kudu da nan kawuna yake da garka. Ba wata babba ba ce. Mangwaro ashirin da ƴan kai, galibinsu masu aure, sai lemun tsami, gwaiba, da ƴan itatuwan magarya mai aure, wadda ƴan boko ke kira pomme du Sahel. Duk littafin da na riƙe a lakwal, da kuɗin mangwaron nan aka saya mini shi. Saboda haka in kun ji na ɗaga murya a kan garka, bashi nake biya.

Bara, cikin watan Mayu, na kai ziyara. Na tarar da ɗan kawu, ƙanena mai shekara 15, goye da famfon feshi, rana tsaka, ba takalmi, ya ɗaure hanci da tsohon kallabin uwarsa. Famfon na yoyo, rigarsa ta jiƙe daga kafaɗa har ƙugu. Yana ɗaga sandar sama don ta kai ga rassa, abin da ya fesa yana dawo masa a fuska kamar yayyafi. Na ce, Kawu, wane magani ne wannan? Ya miƙo mini kwalba. Rubutun jikinta duk Ingilishi ne, kuma babu mai karanta Ingilishi a gidan. Mai kanti ne ya ce masa marfi biyu a famfo ɗaya, in ƙwarin sun yi taurin kai ya ƙara na uku. Feshi na uku ke nan a cikin wata ɗaya.

Bayan la'asar yaro ya fara ciwon kai. Kafin magariba ga amai, ga zufa, yawu na dalala, numfashi na fita da ƙyar. Inna ta ɗebo nono ta ɗura masa, don haka muka tashi muka ji ana cewa nono na kashe guba. Muka ɗora shi a babur tsakaninmu, muka yi likita da shi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Kwana biyu ya yi a kwance da ƙarin ruwa, kuɗin magani da na hanya suka cinye abin da bishiya uku za su kawo.

Mako guda bayan haka aka tsinki mangwaro. Na zaɓi wani mai kyau, ba tabo ko ɗaya, na yanka. Tsutsa fara fat tana motsi a ciki, lafiyarta lau. Na yanka na biyu, haka nan. Wallahi tun ranar raina yake a ɓace, kuma ɓacin ran ne ya sa na shiga tambayar malaman gona da karance-karance. Abin da na gano shi ne zan faɗa, ko da zai sosa wa wasu rai: yawancin feshin da ake yi wa itatuwan marmari a garakenmu asarar kuɗi ce da ta lafiya. Ana iya rage shi ƙwarai. Amma manomi ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba, aikin gari ne, kuma waɗanda ya kamata su shirya wannan aiki sun bar manomi a hannun mai kanti.

Bari mu fara da abokin gabar. Tsutsar mangwaro ba daga sama ta faɗo ba, kuma ba ruwan farko ke haifar ta ba, kamar yadda ake faɗa a kasuwa. Ƙuda ne ke saka ta, wani ɗan ƙuda mai ratsin ruwan ɗorawa, dabam da na gida. Macen tana da tsinke a bayanta, da shi take huda fatar mangwaro lokacin da ya ƙosa, ta zuba ƙwai a ƙarƙashin fatar. Cikin kwana biyu zuwa uku ƙwan ya ƙyanƙyashe. Tsutsa ta yi mako ɗaya zuwa biyu tana cin naman, har ɗan itacen ya ruɓe ya faɗo. Daga nan ta fito ta nutse cikin ƙasa a gindin bishiyar, ta dunƙule kamar ƙwayar alkama, bayan kwana goma ko makamancin haka ta fito sabon ƙuda. Ba a cika wata ɗaya ba an yi sabon zubi, kuma mace ɗaya tana saka ƙwai ɗaruruwa kafin ta mutu.

To yanzu ku duba da kyau. Ƙwan yana ƙarƙashin fata. Tsutsa tana cikin nama. Dunƙulen yana cikin ƙasa. Ina feshin ƙanena ya sauka? A kan ganye, a kan fatar mangwaro, a kan bayansa. Ya kashe ƙudan da ya tarar a ranar, gaskiya ne, amma gobe wasu sun fito daga ƙasa, jibi wasu sun taso daga garkar maƙwabci. Wannan shi ne ihu bayan hari. In kuwa wani ya ce maka akwai maganin da ke ratsa ɗan itacen har ya kashe tsutsa a ciki, sai ka tambaye shi wa zai sha mangwaron daga baya.

Tsofaffi sukan ce a da tsutsa ba ta kai haka ba, kuma gaskiyarsu. Muna da namu ƙudan mangwaro tun asali, amma akwai baƙo da ya fi shi ɓarna. Masana suna kiransa Bactrocera dorsalis, asalinsa daga Asiya, an fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, zuwa 2004 ya iso yammacin Afirka. Yana son laima, shi ya sa da zarar an yi ruwan farko yake yawaita, kuma mangwaro mai aure da ke nuna a makare shi ya fi shan wahala. Ba ya raina gwaiba, ba ya raina lemu. Magarya ma tana da nata ƙudan, mai irin wannan hali. Maƙiyin ya canza tun shekara ashirin da suka wuce, amma shawarar da ake bai wa manomi a bakin kanti ba ta canza ba: ƙara marfi.

Da a ce feshin bai yi komai ba, da da sauƙi. Yana ɓarna. Furen mangwaro ba ya zama ɗa sai ƙudaje da zuma sun bi ta kansa, don haka wanda ya fesa lokacin fure ya kashe ma'aikatan da ba ya biya ko dala. Gizo-gizo, tururuwa, ƙananan rina masu cin tsutsa, duk suna tafiya tare. Su suna jinkirin dawowa, mai ɓarna kuwa yana dawowa da wuri, ya tarar ba mai hana shi. Sannan ƙwaro yana sabawa da guba. Wanda bai mutu ba shi ke haihuwa, ƴaƴansa su gaji taurin ransa. Ku tambayi manoman tumatir na Kano da Kaduna abin da tsutsar Tuta absoluta, wadda suka laƙaba wa suna Sharon, ta yi musu a 2016. Sun fesa, sun sake fesawa, gonaki suka ƙone a kan idonsu, har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Yanzu mu zo kan abin da ke cikin kwalbar. Ƙasashen Sahel da ke cikin ƙungiyar CILSS, har da Nijar, suna da kwamiti guda mai tantance magungunan ƙwari, CSP, wanda ya fara aiki a 1994, mazauninsa Bamako. Maganin da ya amince da shi yana ɗauke da lambar izini a jikinsa. Shi ne ya haramta endosulfan a 2007, shekara huɗu kafin duniya ta haramta shi a yarjejeniyar Stockholm. Doka tana nan, a rubuce, mai kyau. Amma RECA, haɗaɗɗiyar majalisar manoma ta ƙasa, ta sha zagaya kasuwanninmu tana lissafa abin da ake sayarwa, kuma abin da take samu shi ne mafi yawa ba su da wannan izini. Ta kan iyaka suke shigowa, a kasa su a rana kusa da mai tattasai da mai ƙuli-ƙuli, wani ma a juye shi a robar ruwan sha ba suna ba kwanan wata. Wannan ba a ɓoye ake yi ba. Ni da ku muna gani, ashe masu kaki da masu ofis ne kaɗai ba sa gani?

Ku ɗauki piya-piya, wanda kusan kowane gida ya sani. Sinadarin da ke cikinsa sunansa dichlorvos, kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a gonakinta. A 2015 ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Najeriya saboda yawan wannan sinadari da aka samu a cikinsa. Waken da Bature ya ce ba zai ci ba, ina ya tafi? Ba a zubar ba. Tukunyarmu ya shiga. Kuma kada ku ɗauka Turai waliyyiya ce. Binciken da ƙungiyar Public Eye ta yi tare da Unearthed ya nuna cewa a 2018 kaɗai, ƙasashen Turai sun ba da izinin fitar da fiye da tan 81,000 na magungunan ƙwari da ciyawa waɗanda suka haramta a gonakinsu. Abin da bai dace da huhun ɗansu ba ya dace da na ƙanena.

Su kuma me suke yi a nasu garaken? A kudu maso yammacin Faransa, wajejen Agen, ana noman wani ɗan itace da suke kira prune, mai ƙwallo ɗaya a ciki kamar ɗinya. Yana da tsutsarsa, wadda wani ɗan malam-buɗe-littafi ke sakawa. Manoma da yawa a can suna rataye tarko su ƙirga abin da ya faɗa kafin su yanke shawarar feshi. Suna kuma rataye ƴan robobi masu fitar da ƙamshin mace, garka ta cika da ƙamshin, namiji ya ruɗe ya kasa gano ta, haihuwa ta ragu. Ba wai sun gama da matsalar ba. A 2008 gwamnatinsu ta yi alkawarin rage feshi da rabi cikin shekara goma, ta kasa. Amma ko ba komai sun yarda cewa a san ƙwaro kafin a yaƙe shi. Mu fa? Mu kwalba ɗaya ce maganin ƙuda, ita ce ta tsutsar kabeji, ita ce ta sauro, ita ce ta kuɗin cizo.

Wani zai ce, to malam, ka kushe, ina mafita? Ga ta, kuma ba sirri ba ce. Tunda ƙudan gobe yana cikin mangwaron da ya faɗi yau, babban magani shi ne tsintuwa. A tsince duk ɗan itacen da ya faɗo, kullum in da hali, ko aƙalla sau biyu zuwa uku a mako. A zuba a baƙar leda mai kauri, a ɗaure bakinta tam, a ajiye a rana kwana biyu zuwa uku, zafin Damagaram ya dafa tsutsar. Ko a haƙa rami mai zurfin rabin mita ko fiye a binne, ko a bai wa dabbobi tun bai ruɓe ba. A riƙa kaftar gindin bishiya don rana da kaji su samu dunƙulen da ke cikin ƙasa. A sassabe rassan da suka cushe. A tsinki mangwaro da zarar ya ƙosa, ya ƙarasa nuna a gida, maimakon a bar shi a sama yana jiran ƙuda. Mai bishiya kaɗan yana iya sa wa ƴaƴan da suka fi kyau jakar takarda tun suna ɗanye.

Sai tarko. Robar ruwa da aka huda, a sa mata wani sinadari mai ƙamshi, metil ejenol, wanda ke jawo mazan baƙon ƙudan daga nesa su faɗa su mutu. Tarkon yana rage maza, yana kuma gaya wa manomi ranar da ƙuda ya fara yawa. Akwai kuma koto, abincin ƙuda da aka haɗa da ɗan magani kaɗan, irin GF-120, wanda ake fesawa a wuri ɗaya a jikin ganye, kamar faɗin tabarmar salla, ba a taɓa ƴaƴan ba. Ƙuda ne ke zuwa wurin guba da ƙafarsa, ba a bi shi da ita ko'ina. Ga tsutsotsin ganye da ƙananan ƙwari masu tsotso kuwa, ga dogon yaro nan, wanda wasu ke kira bedi ko maina, a ƙofar kowane gida. Rabin kilo na dakakkun ƴaƴansa a lita goma ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Ba zan yi muku ƙarya ba, dogon yaro ba ya kashe tsutsar da ta riga ta shiga cikin mangwaro. Kowane ƙwaro da makaminsa.

Da na zayyana wa kawu duk wannan, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: Ɗana, na ji. In na tsince nawa, na gefena bai tsince nasa ba, ƙudan ya san iyakar garka ne? Na yi shiru, don ya fi ni gaskiya. Ƙuda bai san shinge ba. Mutum ɗaya mai tsafta a tsakiyar garake goma da mangwaro ke ruɓewa a ƙasa, wahala kawai zai sha. Shi ya sa yake komawa wurin mai kanti. Kwalba ita ce abu ɗaya da zai iya yi shi kaɗai, yau, ba sai ya roƙi kowa ba. Duk ɗan birnin da ya tsaya yana zagin manomi da jahilci bai fahimci wannan ba. Manomi bai rasa hankali ba, abokan aiki ya rasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kuma kada wani ya ce mutanenmu ba sa iya aikin gayya a kan ƙwari. An yi, a ƙasar nan. Tsutsar zangarniyar gero, wadda manoma ke kira murzuna, tana cinye gero yana gab da shiga rumbu. Tun 2006 masu bincike na INRAN a Maraɗi, irin su Farfesa Ibrahim Baoua, tare da cibiyar ICRISAT, suka shiga kiwon wata ƴar mitsitsiyar rina, Habrobracon hebetor, wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, ba ta kuma harbin mutum. Ita tana harbin tsutsa ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, ƴaƴanta su cinye ta. Ana sa ta a ƴan ƙananan buhunan algarara tare da abincinta, a rataye kamar guda 15 a kewayen ƙauye, ta hayayyafa ta bazu kilomita da dama. Ba famfo, ba amai, ba likita. Rinar ma ba ta san iyakar gona ba, shi ya sa aikin na gari ne gaba ɗaya. Haka buhun PICS mai ciki uku, wanda ya shigo a 2007, yake adana wake ba ɗigon piya-piya, iska kawai yake hana ƙwaro.

Mu ƴan Damagaram ma ba sai mun je Maraɗi neman misali ba. A gundumomin Magarya, Matamaye da Mirya, manoma da kansu suka raini gawo a gonakinsu har ya rufe kusan hekta miliyan ɗaya, abin da masana daga ƙasashen waje ke zuwa kallo. A Takieta kanta, dajin gwamnati mai faɗin hekta fiye da 6,000 ya kusa ƙarewa saboda sara da noma, sai a ƙarshen shekarun 1990 manoma da makiyaya da mata masu itace suka zauna, da tallafin SOS Sahel, suka kafa ƙungiyar Kou Tayani ta kula da shi. Mutanen da suka iya sasanta manomi da makiyayi a kan daji guda, su ne za a ce ba za su iya sa ranar tsintar mangwaro ba? Haba jama'a.

Ban ce a zubar da kowane magani ba, kada a juya mini magana. Wanda ya ga farar 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005 ba zai ce gwamnati ta naɗe hannu in fara ta taso ba. Ko a nan ɗin ma akwai Green Muscle, maganin da aka yi da wata irin fumfuna mai kashe fara ta bar sauran halittu, wanda aka gwada a gabashin ƙasar nan tun shekarun 1990. A garka ma akwai ranar da za a buƙaci feshi. Amma ya zama magani mai izini, wanda ya dace da ƙwaron, a gwargwadon da aka rubuta, da sanyin safiya ko yamma, a hannun babba mai kariya, a kuma jira kwanakin da aka ƙayyade kafin a tsinka. Feshi ɗaya na hankali ya fi biyar na tsoro.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba alfarma nake roƙo ba. Hukumar kare tsirrai ta ƙasa da ƴan duwan su yi aikin da doka ta ɗora musu a kan iyaka da cikin kasuwa. Kada a fara da ɗan tireda mai kwalba goma, a fara da mai shigo da mota guda. Amma kwace kwalba ba tare da an ba manomi madadinta ba zalunci ne, don haka tarko da koto su samu a inda ake sayar da taki, a farashin da talaka zai iya. Magadan gari na yankin garake, tare da sarakuna da masu unguwanni, su sa dokar gari: lokacin mangwaro, kada a bar ɗan itace ya ruɓe a ƙasa, kamar yadda ake sa ranar sakin dabbobi bayan girbi kowa ya bi. Gidajen rediyon karkara su yi bayanin rayuwar ƙudan nan da Hausa tun watan Maris, kafin ɓarna ta fara. Ɗaliban aikin gona na jami'o'inmu, har da Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram, a tura su garake su rataye tarko su ƙirga ƙuda, a sanar da manoma ta waya. Duk wannan bai kai kuɗin taron bita guda a otel ba.

Mu kuma ƴan birni, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne a Kasuwar Dole muke juya mangwaro, mu ga ɗan tabo a fata mu ajiye, mu ce a rage kuɗi. Mu ne muke koya wa manomi cewa ƙyalli muke saye. Ba na cewa ku sayi ruɓaɓɓe. Amma tabon reshe ko ɗan baƙi a fata ba ya cutar da kowa, abin da ke cutarwa ba ya ganuwa. Ku riƙa tambayar mai sayarwa yaushe aka yi feshin ƙarshe. Yau zai yi muku dariya, in mutum ɗari suka tambaya zai kai tambayar garka. Ku wanke kayan marmari da ruwa mai yawa, ku fere, amma ku sani wanki ba ya cire komai da komai. Kuma kusan kowanenmu yana da kawu ko baba a ƙauye. Ka karanta masa abin da ke jikin kwalba. Ka duba ko akwai lambar CSP. RECA tana da layin waya da WhatsApp da manomi ke tura hoton ƙwaro a ba shi shawara da Hausa, ka haɗa shi da su. Wayar da ke hannunka ta fi ƙarfin TikTok kaɗai.

Abu ɗaya kuma da nake so kowa ya haddace, don mu mun yi kuskurensa. In feshi ya kama mutum, kada a ba shi nono, kada a ba shi mai, kada a sa shi amai da gangan. A fitar da shi daga wurin, a cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa da ruwa da sabulu, a kai shi likita nan take, a tafi da kwalbar don ma'aikatan lafiya su san irin gubar. Kuma yaro ba ya feshi. Mace mai ciki ba ta feshi. Kwalbar da ta ƙare ba ta zama ta ruwan sha ko ta man gyaɗa.

Bana na koma garkar a farkon Afrilu da leda baƙa ɗauri guda da robobin tarko. Kawu ya yi magana da maƙwabtansa bayan sallar Juma'a. Huɗu suka yarda, biyu suka ce wannan wasan yara ne. Yaran gidajen biyar suka riƙa tsintuwa da safe kafin su tafi makaranta. Tsutsa ba ta ƙare ba, musamman a bishiyoyin da ke jikin shingen waɗanda suka ƙi, amma abin da aka kai kasuwa ya fi na bara, kuma sau ɗaya kawu ya yi feshi, da kansa, da takalmi da safar hannu. Ƙanena har yau in ya ji warin maganin ko daga nesa ne, sai ya tashi daga wurin. Shi ke riƙe da littafin da ake rubuta yawan ƙudan da tarko ya kama.

Saura mutum biyun nan, da dubbai irinsu daga Takieta har Gidimuni. Ni kaɗai ba zan iya shawo kansu ba. Wanda ke da ɗan uwa mai garka, ya karanta masa wannan, ko ya yi masa saƙon murya. Wanda ya san wani magajin gari, ya tura masa. Wanda kuma ya gwada wata dabara a garkarsu ta yi aiki, ko ta ƙi, ya rubuta mana a ƙasa mu ƙaru. Allah ya ba manomanmu albarkar guminsu, ya tsare mana yaranmu.